Karatun Da Ba Liman Ke Zaɓa Ba

Shekarar da na yi karatu a Manchester, ɗakin da na kama haya yana Prestwich, unguwar da Yahudawa suka yi yawa a arewacin birnin. Maƙwabcina mai gyaran famfo ne, dogo, kullum da 'yar hularsa a tsakar ka. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ranar da bututun ruwan zafi ya fashe mini ya zo ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma ce lallai in zo mu ci abincin daren Asabar, wato Juma'a bayan faɗuwar rana. Na yi ta jan ƙafa, don kunnena cike yake da abin da na taso ina ji a kansu. Daga ƙarshe kunya ta kai ni, a farkon watan Satumba.

Kyandir biyu na ci tun kafin magariba, burodi biyu lulluɓe da kyalle a tsakiyar tebur, ni kuma an tanadar mini ruwan inabi marar sa maye. Ana gama shan miya 'yarsa, ba za ta wuce shekara tara ba, ta zaro wata takarda da aka ba su a makaranta. Tambayoyi ne a kan karatun Attaura na wannan makon. Ta karanto ɗaya: me ya sa aka ce mai bin bashi, idan ya zo karɓar jingina, ya tsaya a waje, sai mai gida ya fito masa da ita? Wanta ya ce don kada ya shiga ya zaɓi abin da ya fi tsada. Uwar ta ce a'a, don kada ya ga tukunyar da ba a ɗora ba, mutum ya muzanta a gaban matarsa da 'ya'yansa. Uban ya ajiye cokali ya ce akwai wanda yake bi kuɗin aiki wata uku, to idan ya faka motarsa mai sunan sana'arsa a ƙofar gidan mutumin, maƙwabta suna kallo, ya shiga gidan ko bai shiga ba? Nan gardama ta kaure, har nama ya huce. Ni dai ina zaune ina tuna yadda ake bin bashi a unguwarmu, da sallama mai ƙarfi tun daga bakin layi don kowa ya ji.

Da zan tafi ya raka ni ƙofa, yake gaya mini cewa a daren nan ayoyin nan ake taunawa a gidan Bayahude a Kasablanka, da Buenos Aires, da birnin Ƙudus. Wannan maganar ce ta bi ni har gida.

Ga yadda abin yake. Littattafan Attaura biyar, Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a, an yanka su kashi 54, kowane kashi ana ce masa parasha, kuma sunansa daga kalmominsa na farko yake, kamar yadda almajiri zai ce yana izun Sabbi ko Amma. Kowace Asabar da safe ana fito da naɗaɗɗiyar fata rubutun hannu a majami'a, a kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, a karanta kashin makon da Ibrananci daga farko har ƙarshe, jama'a na bi da ido, mai karatu ya kuskure harafi a gyara masa nan take. Shekararsu ta wata ce, amma sau bakwai a cikin kowace shekara 19 suna ƙara wata na 13, shi ya sa suka tanadi kashi 54. A shekarar da makonni ba su kai ba sai a haɗa biyu a mako guda. Mafi tsawo, Naso, aya 176 ne. Ranar da aka sauke, a bikin Simhat Tora wajen watan Oktoba, ana karanta rasuwar Annabi Musa (AS), kafin a tashi daga wurin a ɗauko wata fatar a fara daga halittar sama da ƙasa. Ba a kwana da sauka.

Litinin da Alhamis ma ana karanta farkon kashin Asabar mai zuwa. Talmud, babban kundin fiƙihun malamansu, ya danganta wannan da Uzairu, kuma dalilin a fili yake: ranakun kasuwa ne, ranakun da alƙalai ke zama, mutanen ƙauye sun shigo gari. An kai karatun inda ciniki da shari'a suke, don kada kwana uku su wuce mutum bai ji ba. A da can, lokacin da talakawansu suka koma magana da Aramiyanci, mai fassara ne ke tsayawa gefen mai karatu, aya ɗaya a karanta, aya ɗaya a fassara. Yahudawan Yaman har yau suna yi, sau da yawa ma yaro ne ke fassarar. Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsirin azumi, mai jan baƙi na ja Malam na fassarawa, ya san wannan hoto.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin nan, wanda kuma saboda shi nake wannan rubutu, shi ne ya ƙwace wa mai wa'azi ikon zaɓe. Malamin majami'a bai isa ya ce wannan makon ba na jin yin magana a kan awo ba. Idan mako ya kawo ayar sikeli, ayar sikeli za a karanta da ƙarfi, ko da babban attajirin da ya rufa majami'ar yana sahun gaba. Shi attajirin kuma ba shi da bakin cewa da ni ake, domin tun bara kowa ya san wace Asabar ayar za ta faɗo. Jadawalin ya zama takunkumi ga malami, ya kuma zama garkuwa gare shi.

Mu kuwa liman ne ke zaɓar huɗubarsa, kuma ɗan Adam abin da ya saba da shi yake komawa. Wani shekara goma yana kan shigar mata. Wani raddi ne abincinsa, ɗariƙa ko Izala, ya danganta da ɓangarensa. Wani ba ka jin zafinsa sai zaɓe ya matso. Ba wai sun manta da haƙƙin lebura da dukiyar maraya ba ne, sun fi ni sanin ayoyin. Amma limamin da ya tashi haka kawai ya yi huɗuba a kan tauye mudu, a masallacin da 'yan kasuwar hatsi ke biyan kuɗin janareta, kafin la'asar an ce habaici ya yi wa Alhaji wane, kafin wata Juma'a kwamiti ya zauna. Shi ma yana da iyali.

Kashin da na tarar a gidan maƙwabcina, Ki Tese, shi ne mafi yawan dokoki, 74 a lissafin malamansu. Kusan duk na rayuwar yau da gobe ne. Ka ga san ɗan'uwanka ya ɓace, kada ka kau da kai, mayar masa. Ka gina sabon gida, ja katanga a gefen rufin don kada wani ya faɗo. Kada ka karɓi dutsen niƙa jingina, don abincin mutum ka karɓe. In ka karɓi mayafin talaka, mayar masa kafin rana ta faɗi ya samu abin rufa. Kada ka riƙe ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami. Abin da ke sa irin waɗannan su zama darasi shi ne malamansu ba su bar su a sama ba, sun sauko da su har kan kanta. Mishna, tsohon littafin dokokin malamansu, ta ce mai shago ya goge mudunsa sau biyu a mako, ya share duwatsun awonsa sau ɗaya a mako, ya goge sikeli bayan kowane awo, saboda ɗan man da ya daskare a gindin mudu haƙƙin mai saye ne. Sun hana ajiye dutsen awo cikin gishiri don kada nauyinsa ya canja. Mutanen da suka tsaya lissafin maiƙon da ya manne a mudu, me za su ce da tiyar da aka bubbuga gindinta da guduma?

A kashin Kedoshim akwai ayar da ta ce kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Rashi, wanda ya rayu a garin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105, wanda kuma sharhinsa yake a wurinsu kamar Jalalaini a wurinmu, ya ce makahon nan shi ne wanda bai san kan al'amari ba ya zo neman shawararka. Misalin da ya bayar: kada ka ce wa mutum sayar da gonarka ka sayi jaki, alhali kai ne kake zagayawa ka saye gonar. Shekara fiye da 900 ke nan, amma sai ka rantse dillalin filaye ya sani.

Wanda ya fi burge ni shi ne Fekudai, ƙarshen littafin Fitowa. Kashi ne busasshe, lissafi zalla: zinariya kaza, azurfa kaza, tagulla kaza aka tara don gina alfarwar ibada, ga kuma inda kowanne ya shiga. Mutum 603,550 kowa ya ba da rabin shekel, wato ma'aunin nauyinsu na lokacin, ya kama shekel 301,775 na azurfa. 300,000 aka zuba kwasfan ginshiƙai, 1,775 aka yi ƙugiyoyi da abin da ya bi su. Malamansu suka tambaya: wa ya nemi Annabi Musa ya ba da lissafi? Sai suka kawo labari cewa ya jiwo masu tsegumi a bayansa suna cewa dubi wuyan ɗan Imrana, ai da dukiyarmu yake ƙiba. Shi ne ya ce da an gama aiki zan baje muku komai. Wannan labarin Isra'iliyya ne, ban gaskata ba ban ƙaryata ba. Amma dubi abin da suka gina a kansa: mai shiga ɗakin ajiyar kuɗin Haikali, wato babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus a da, ba ya shiga da riga mai kalmasa, ko takalmi, ko laya, don kada ya yi arziki a ce daga can ne, kada ya talauce a ce alhaki ne. Duk shekara, wajen watan Maris, kowane ma'ajin majami'a yana zaune za a karanta masa cewa Annabi ma ya kawo rasit. Yaushe rabon da kwamitin masallacinku ya manna lissafin asusu a bango?

Akwai makonnin da kashin ba ya da daɗin ji ko kaɗan. Kashi biyu cur ana bayanin cutar fata da yadda ake duba tabo. Yaron da ya cika shekara 13, wanda al'ada ta ce ya karanta kashin makon balagarsa ya kuma yi ɗan jawabi, idan rabonsa ya faɗo nan sai dai haƙuri. Da yake ba halin tsallakewa, dole suka tono ma'ana, suka ɗaure cutar da gulma da ɓata suna, har makonnin suka zama lokacin wa'azin kame baki.

Wata mata ce ta nuna mini iyakar inda wannan tsari zai iya kaiwa, ko da yake a takarda na san ta. Nehama Leibowitz, an haife ta a Riga a 1905. Daga 1942 ta fara buga takardar tambayoyi a kan kashin kowane mako tana aika wa duk mai so ta gidan waya. Ba ta rubuta amsa. Kai za ka amsa ka mayar mata, ta gyara da jan biro ta sake aiko maka. Ta yi haka har 1971, kusan shekara 30, kuma masu amsawa dubbai ne, har da ma'aikatan gona da sojoji da masu aikin hannu. Tambayar da aka san ta da ita ita ce: me ya dami Rashi a wannan aya? Wato kafin ka haddace amsar malami, gano matsalar da ya gani. Ta rasu a 1997, kuma bayan sunanta kalma ɗaya aka rubuta a kabarinta, malama. Abin da ya sa aikinta ya yiwu shi ne kowa yana shafi ɗaya a mako ɗaya. Da kowa inda yake karatu daban, takarda ɗaya ba za ta ishi mutum dubu ba.

Ni kaina sai da abin ya kama ni. Bayan na dawo gida na sa wani lebura ya haƙa mini ramin sokawe. Ya gama da yamma, jikinsa duk jar ƙasa, ya tsaya daga gefe yana murza hannu. Kuɗin na aljihuna, amma ina sauri, kuma ba na son a ga na saba biya nan take, sai na ce masa ya dawo gobe. Ya ce to, Allah ya kai mu. Na san hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe tun ina Islamiyya, amma abin da ya faɗo mini cikin dare shi ne muryar yarinyar nan tana karanta layi na gaba a takardarta: ka biya shi a ranarsa, kada rana ta faɗi a kansa, don matalauci ne, ransa na kan kuɗin. Hadisin yana kaina shekara 30, ba wanda ya taɓa zaunar da ni a kan tabarmar cin abinci ya tambaye ni yadda zan yi da shi. Na nemi mutumin da sassafe. Ashe a daren bashin garin kwaki ya ci a shago.

Da na kai wannan magana wurin wani malamina, dattijo, sai ya dube ni ta saman tabarau. "Yanzu kai duk karatun da ka yi, wurin Yahudu za ka ɗauko mana darasi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba littafinsu nake so mu ɗauko ba, namu ya ishe mu. Yadda suka tsara zama da shi nake magana."

Ya ce, "To ka iya bakinka, mutane ba za su tsaya su ji bambancin ba."

Gaskiyarsa, don haka bari in bi ta kan abin da na san yana ran mai karatu. Na farko, halascin duba abin nasu. A Sahihul Buhari, Abu Huraira ya ce Ahlul Kitabi sun kasance suna karanta Attaura da Ibrananci suna fassara wa Musulmi da Larabci, sai Manzon Allah (SAW) ya ce kada ku gaskata su kada ku ƙaryata su. A wani hadisin ya ce ku ba da labari daga Bani Isra'ila, ba laifi. Aƙidarmu game da abin da ya shiga littafin tana nan inda take, ban taɓa ta ba.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne Gaza. Mai karatu zai ce ina amfanin karatun mako ga mutanen da gwamnatinsu ta yi abin da duniya ta gani? Ban da amsar da za ta sanyaya zuciya, kuma ba na neman ta. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya faɗo ne a ranar bikin saukar nan, kuma makonni uku bayan haka Netanyahu ya tsaya ya janyo ayar Amalek, tsohon abokin gabar Bani Isra'ila da aka ce a shafe ambatonsa. Ayar tana ƙarshen Ki Tese ɗin nan, manne da ayar ma'auni. Abin mamaki, Rashi cewa ya yi an jera su ne don a gane in kun tauye awo ku saurari maƙiyi. Shi ya juya ayar ta kalli cikin gida, ɗan siyasa ya juya ta ta kalli waje. Littafin da ya hana sare itace mai 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, akwai masu karanta shi duk Asabar da ke sare zaitun ɗin manoman Falasɗinu a Yammacin Kogin Jordan. Akwai kuma malaman Yahudawa, 'yan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da suka kafa a 1988, da ke zuwa su tsaya tare da manoman lokacin girbi, su ma da hujjar littafin. Maƙwabcina mai gyaran famfo bai jefa bam a kan kowa ba, kuma ba zan ɗora masa laifin wata gwamnati ba, kamar yadda ban yarda a ɗora mini na Boko Haram ba.

Abin da wannan ya nuna shi ne jadawali ba ya gyara zuciya. Iyakarsa ya hana ka cewa ban ji ba. Suratul Jumu'a ta kwatanta waɗanda aka ɗora wa Attaura ba su ɗauke ta ba da jaki mai ɗauke da littattafai, kuma mukan karanta ayar muna leƙen gidan wasu. Malaman tafsiri sun ce gargaɗin ya haɗa da mai ɗauke da Alƙur'ani. Ƙasarmu mai ɗimbin mahaddata, a cikinta ake zuba ruwa a madara da tsakuwa a shinkafa.

Ba kuma cewa nake ba mu da namu tsarin ba. Muna da izu 60, da tilawa, da sauka, da tafsirin azumi wanda tun zamanin Shaikh Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello rediyo ke kai shi har rugage. A Maroko, 'yan'uwanmu Malikawa suna karanta izu ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, a tare a masallaci, su sauke duk wata. Sai dai tilawarmu akasari ba fassara, tafsirinmu kuma na wata ɗaya ne, kowane malami da inda ya tsaya, ranar salla a naɗe tabarma sai baɗi. Abin da babu shi ne kashi ɗaya da gari duka ke kai a mako ɗaya, da ma'anarsa, wanda yaro zai kawo daga Islamiyya ranar Laraba, direban tasi ya ji a rediyo ranar Alhamis, liman ya taɓo ranar Juma'a, uwa ta yi tambaya a kansa ana cin tuwon dare. Wanda zai ce bidi'a ce sai ya fara gaya mini wa ya yanka izu da sumuni; tsarin karatu ne, ba sabuwar ibada ba, kuma wanda bai bi ba bai yi zunubi ba. Wahalar da na hango ta gaske ita ce wa zai fitar da jadawalin har kowane ɓangare ya yarda, mu da ganin wata ma yakan raba mu. Amma masallacin unguwa ɗaya da Islamiyyarsa ba sa bukatar izinin kowa kafin su gwada.

Na zauna na yi lissafin a bayan ambulan. Idan aka bar Ramadan ga masu tafsiri, aka fara daga makon farko na Shawwal, akwai mako 46 kafin wani azumin. Izu 60 ne, don haka mako 14 za a haɗa biyu-biyu, sauran ɗaya-ɗaya. Ayar rubuta bashi da kafa shaidu za ta zo wajen farkon Zulƙida. Wailul lil muɗaffifina kuwa tana izu na 59, za ta faɗo a ƙarshen Sha'aban, daidai lokacin da ake cika sito da sukari da gero ana jiran a ga wata.